Kundin aiki: rage magungunan feshi masu haɗari a filayen hukumar birni

14 ga Janairu, 2025

Majalisar birni ta ɗora wa kwamitinmu aiki guda: mu tsara ƙa'idar da za ta taƙaita amfani da magungunan feshi masu haɗari a duk wurin da yake mallakar hukuma. Wato lambunan shaƙatawa, filayen wasan yara, harabar makarantu, gefen tituna, magudanan ruwa, ofisoshi da ɗakunan ajiya. Ni aka ba riƙon kundi.

Tun a zaman farko wani ɗan kwamiti ya nemi a haɗa har da gidajen mutane. Lauyar hukuma ta taka masa birki. Ta kawo labarin Hudson, wani ƙaramin gari a lardin Kwibek na Kanada, wanda ya kafa irin wannan doka a 1991 har ta shafi filayen masu zaman kansu. Kamfanonin feshi suka maka garin a kotu, kuma sai a 2001 Kotun Ƙolin Kanada ta ba shi gaskiya. Shekara goma ana shari'a. A Amurka kuwa jihohi da yawa sun hana birane tsoma baki a abin da mutum zai fesa a gidansa, shi ya sa San Faransisko ta fara da filayenta a 1996, birnin New York ma haka a 2005. Muka tsaya a kan namu. Ba wanda zai kai ka ƙara don ka ƙi zuba guba a filinka.

3 ga Fabrairu

Kafin a rubuta ko layi ɗaya sai mun san abin da ake fesawa. Mun nemi takardu daga sassan hukuma, amsar da ta dawo ba ta wuce rasiɗan saye ba. An san abin da aka saya, ba a san inda aka fesa shi ba, ko nawa, ko wa ya fesa.

Don haka muka shiga sito da kanmu. Akwai paraquat da glyphosate na kashe ciyawa, akwai chlorpyrifos da dichlorvos na ƙwari, akwai ƙwayoyin brodifacoum na ɓera a buhun da bakinsa ke buɗe. Wasu jarkokin sun daɗe da wuce wa'adi. Wasu takardar jikinsu ta goge, ba a iya karanta komai. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ragowar maganin da aka juye a robobin ruwan sha aka jera a kan kanta. Na tambayi mai kula da siton yadda yake bambance su, ya ce, "Malam, da wari muke gane su."

Mun sa an canza kwaɗo a ranar, makulli kuma ya koma hannun mutum ɗaya da littafin shiga da fita. Wannan bai jira wata doka ba. Likitan da ke cikinmu ya tuna mana Siri Lanka, inda hana magunguna mafiya guba tun daga 1995 ya rage yawan masu kashe kansu ƙwarai, ba tare da amfanin gona ya faɗi ba. Nesanta mutum da guba kaɗai yana ceton rai.

20 ga Fabrairu

Yau aka sha muhawara a kan yadda za a gane "mai haɗari". Wasu na son a jera sunaye kawai. Matsalar jerin sunaye ita ce maganin nan guda yana fitowa da sunayen kasuwa barkatai, kuma gobe sabo zai shigo wanda ba ya cikin jerin. Muka amince a riƙa duba sunan sinadarin da ke ciki, ba sunan da ke gaban kwalba ba, sannan a kafa ma'auni wanda sabon magani ma zai bi ta kansa.

Wane ma'auni? Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa magungunan nan aji-aji: Ia da Ib su ne mafiya guba, sai II, sai III, sai U waɗanda da wuya su yi illa nan take. Daga nan aka samo launukan da ke gindin kwalba, ja da rawaya da shuɗi da kore. Shugaban kwamiti ya ce ai shi ke nan, a hana masu jan layi a tashi. Sai likita ya ce, "Ranka ya daɗe, paraquat ba jan layi gare shi ba." Haka ne kuwa. Yana aji na II, alhali kurɓi kaɗan na iya kisa, yana lalata huhu a hankali cikin kwanaki, kuma ba shi da makari. Tarayyar Turai ta daina amfani da shi tun 2007. Dalilin wannan giɓi shi ne ajin ya dogara ne a kan adadin da ke kashe ɓeraye a gwaji lokaci guda. Bai ce komai ba a kan ciwon daji, ko illa ga ɗan tayi, ko abin da ke taruwa a jiki shekara da shekaru.

Saboda haka muka ɗauki ma'auni takwas da ƙwararrun Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya da na Hukumar Lafiya suka fitar a 2008. Sun haɗa aji na Ia da Ib, da masu jawo ciwon daji ko lalata ƙwayoyin halitta ko cutar da haihuwa, da waɗanda ke cikin yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa kan sinadarai masu haɗari, wato na Stockholm da Rotterdam da Montreal, sai na takwas, wato duk maganin da aka ga yana yawan yi wa mutane ko muhalli mummunar illa a yadda ake amfani da shi. Ta wannan ƙofa ta takwas paraquat ya shiga jerinmu.

Tsarin ya zama hawa uku: haramtattu, masu buƙatar izini a rubuce, da waɗanda aka yarda da su.

11 ga Maris

Glyphosate ya cinye mana zama guda cur. Shi ne aka fi fesawa a gefen titi da tsakanin duwatsun daɓe, kuma masana ba su zama tsintsiya ɗaya a kansa ba. A Maris ɗin 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya da ke Liyon a Faransa ta ce mai yiwuwa yana jawo ciwon daji ga ɗan'adam. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce ba ta ga alamar haka ba idan an bi umarnin amfani. Tarayyar Turai ta sabunta masa izini na shekara goma a ƙarshen 2023. Kowa a zauren ya zo da takardar da ta goyi bayansa.

Ni dai ra'ayina, kwamitin birni ba shi ne zai raba wannan gardama ba, kuma ba ya buƙatar raba ta. Manomi na iya cewa abincin iyalinsa ya rataya a kan maganin ciyawa. Mu fa? Ciyawa ce ta fito a gefen lilo. Tambayar da ta dace da mu ita ce ko akwai buƙatar fesa wani abu a wurin da yara ke birgima a ƙasa suna sa hannu a baki. Faransa ta amsa wannan da dokar da ta ɗauki sunan sanata Joël Labbé: daga 1 ga Janairun 2017 hukumomi suka daina fesa magungunan sinadari a lambuna da tituna, daga 2019 aka hana sayar wa masu gida, a Yulin 2022 kuma ta kai har maƙabartu. Dokar ba ta ware glyphosate ta yi masa shari'a ba, wurin ta duba.

Matsayar da aka cimma: haram ne a filayen wasa, makarantu da bakin ruwa. A sauran wurare yana hawa na biyu, sai da izini.

2 ga Afrilu

Zama da masu feshi. Duk cikin zamanmu babu wanda ya kai wannan amfani.

Ana maganar yara da tsuntsaye, amma wanda ya fi kowa shan maganin nan shi ne mai ɗauke da famfo a bayansa. Mafi hatsarin lokaci shi ne sa'ar haɗi, lokacin da ake tsiyayar maganin da ba a sirka ba. Sai famfon da ke yoyo ya jiƙa riga, fata kuma tana zuƙa, balle da zufa. Wani dattijo a cikinsu ya kwatanta abin da yake ji bayan feshin ƙwari: ciwon kai, jiri, yawu na taruwa a baki, gani na dishi-dishi. Likita ya ce, "Baba, wannan ba gajiya ba ce." Ya bayyana musu cewa dichlorvos da chlorpyrifos da danginsu suna toshe wani sinadari da ke sa jijiya ta huta bayan ta isar da saƙo. Idan ya toshe, tsoka ba ta hutawa, zufa da yawu ba sa tsayawa, ƙwayar ido ta tsuke, idan abin ya yi tsanani numfashi ya gagara. Allurar atropine ake yi wa mutum a asibiti, kuma sai ma'aikacin asibitin ya san abin da aka shaƙa. Ga amfanin takardar jikin kwalba ke nan, wadda muka tarar ta goge.

Na tambayi dalilin da ba sa sa kayan kariya. Suka ce akwai, amma wa zai yi wuni cikin rigar leda a rana? Takunkumin da aka raba musu na ƙura ne, ba ya tare tururin magani. Kayan aikin kuma gida suke kai su a wanke tare da na iyali.

Na zaci za su yi murna da ƙa'idar. Ba su yi ba. Abin da famfo ke gamawa kafin rana ta take, fartanya sai ta kwana biyu a kai, kuma ba a ce za a ƙara hannu ba. Akwai kuma alawus ɗin aiki mai hatsari da suke tsoron ya tafi tare da maganin. Wani matashi ya ce, "Yallaɓai, ku da kuke rubutawa, ku zo ku nome mana layi ɗaya tukuna." Ba wanda ya iya ba shi amsa. Mun sa batun ƙarin ma'aikata da injinan yankan ciyawa a cikin rahoton da zai je wa sashen kasafin kuɗi, da shawarar kada a taɓa alawus ɗin.

24 ga Afrilu

Daftarin farko ya fito. Da na karanta sai na ga ya ɗaure ma'aikatan hukuma kaɗai, alhali mafi yawan feshin da ake yi a gine-gine 'yan kwangila ne ke yi, su kawo maganinsu su tafi da kwalabensu. An ƙara sashe: duk sabuwar kwangila za ta ɗauki ƙa'idar a matsayin sharaɗi, kuma ba a biyan ɗan kwangila sai ya miƙa takardar abin da ya fesa, inda ya fesa, da adadin. Tsofaffin kwangiloli sai sun ƙare.

An kuma ƙara cewa shuke-shuken da ake sayo wa lambuna kada su zo da maganin ƙwari na imidacloprid ko 'yan'uwansa a jiki. Waɗannan suna bin jikin shuka har cikin fure, ƙudan zuma ya kwasa. Turai ta hana amfani da uku daga cikinsu a fili tun 2018.

12 ga Mayu

Taron ƙasashe da aka kammala a Jeniba makon jiya ya sa chlorpyrifos cikin jerin sinadaran da yarjejeniyar Stockholm ke son a kawar, da 'yan togaciya na ɗan lokaci. Dama yana cikin haramtattunmu saboda illarsa ga ƙwaƙwalwar yara tun suna ciki. Wanda ke ta cewa mun wuce gona da iri a kansa bai ce uffan ba yau.

18 ga Yuni

Gwajin da muka fara a wani lambu da wani ɓangaren titi ya nuna abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba.

Rufe gindin bishiyoyi da furanni da ɓawon itace da aka niƙa, kaurin santimita 7 zuwa 10, shi ya fi komai. Ciyawa ba ta samun haske, ƙasa na riƙe danshi, kayan kuma daga rassan da ake sassabewa muke samu. A filin ƙwallo, ɗaga wuƙar inji don a bar ciyawar da tsayi ya sa ta yi kauri ta danne baƙin haki da kanta. Ruwan zafi da ya kusa tafasa yana kwantar da ƙananan ciyayi a tsakanin duwatsu nan take, amma masu dogon saiwa suna dawowa, sai an maimaita, injin kuma yana shan mai da ruwa. Wanda ya ce hanya ce marar tsada bai tura injin ba.

Abin da ba mu zata ba shi ne yawancin ciyawar gefen titi a kan ƙasar da ta taru a lungun kwalbati take tsirowa. Inda ake shara a kai a kai, ba ta samun wurin zama. Inda daɓe ya tsage kuwa, gyaran tsagar ya fi kowane magani. Ashe rabin aikin namu na sashen tituna ne.

Koke-koke sun fara shigowa. Wasu sun ce lambun ya yi kama da wanda aka yi watsi da shi, wasu suna tsoron maciji. Na biyun yana da hujja, don haka an umarci a riƙa aske gefen hanyoyin tafiya da kewayen wurin wasa ƙasa-ƙasa. Na farkon kuwa sai dai ido ya saba. Mun kafa alluna da ke bayyana cewa da gangan aka daina feshi a nan.

15 ga Yuli

Sashen lafiya ya zo da ƙarfinsa a kan sauro. Suka ce idan annoba ta ɓarke, takardar izini za su tsaya cikewa? Suna da gaskiya, kuma duniya ma ta yarda da haka: yarjejeniyar Stockholm da ta ɗaure tsohon maganin ƙwari DDT ta bar masa ƙofa don yaƙi da ƙwarin da ke yaɗa cuta.

Amma mun rarrabe abu biyu. Akwai ɓarkewar cuta, akwai kuma hayaƙin da ake bi unguwa ana busawa don jama'a su ga ana aiki. Hayaƙin nan sauron da ke tashi a wannan sa'ar kawai yake kashewa. Tsutsar da ke cikin ruwa ba ta ma san an yi ba, kuma cikin kwana 7 zuwa 10 a lokacin zafi ƙwai ya zama sauro. Yawan fesa magani iri ɗaya kuma shi ke sa sauro ya saba da shi, har ya zamana gidan sauro mai magani ma ya rage tasiri. Mun amince cewa matakin farko shi ne yashe magudanai da kawar da duk abin da ke tara ruwa, tayoyi da gwangwanaye. Inda ruwa ba zai gusa ba, a zuba Bti, ƙwayar halittar da ke kashe tsutsar sauro ta bar kifi da mutane. Feshi ya zama na ƙarshe, bisa shaidar da sashen lafiya zai rubuta.

7 ga Agusta

Ɓeraye. Brodifacoum yana aji na Ia. Yana hana jini daskarewa, kuma ɓeran da ya ci ba ya mutuwa nan take, yana ƙara kwanaki yana yawo a galabaice, mujiya ko shaho ko kyanwa ta ɗauke shi ta kwashi gubar. Wato muna kashe masu taya mu aikin. Idan yaro ya ci akwai makari, bitamin K1, amma jinyar tana iya ɗaukar makonni.

Ƙa'ida: ba a watsa shi a fili, sai cikin akwati mai kulle, a cikin gini, na ƙayyadadden lokaci. Kafin nan a toshe ramuka (ƙaramin ɓera yana ratsa tsagar milimita 6), a rufe kwandunan shara, a ɗana tarko. Kyankyaso ma haka, maganin ɗigawa a lungu ya maye gurbin feshin ɗaki gaba ɗaya.

9 ga Satumba

Tsohon maganin da ke sito yana nan. Ba a binne shi, don zai bi ƙasa ya sami ruwa. Ba a ƙona shi a fili, don hayaƙin ya fi shi muni. Yana buƙatar tanderu na musamman mai tsananin zafi da kamfani mai lasisi, kuma har yanzu ba a ware kuɗin ba. Abin da muka iya shi ne saka jarkokin da ke yoyo cikin manyan ganguna, a ɗora su a kan katako nesa da ƙasa, a rubuta abin da aka sani a jiki. Kwalaben da suka ƙare ana ɗauraye su sau uku, ruwan ɗaurayar ya koma cikin famfo, sannan a huda su don kada wani ya ɗauka ya zuba ruwan sha.

Wani jami'i ya ba da shawarar a "ƙarasa amfani da su" don kada a yi asara. An rubuta shawarar, an ƙi ta.

21 ga Oktoba

Karatu na farko a zauren majalisa. Jerin haramtattun da muka shafe watanni a kansa ya wuce ba tare da ko tari ba. Rigimar duka a kan sashe na togaciya ta tsaya. An kawo gyara cewa shugaban kowane sashe zai iya ba kansa izini "idan akwai gaggawa", ba tare da an faɗi mece ce gaggawar ba.

Idan wannan ya wuce, sauran shafukan ado ne. Zuwan baƙo gaggawa ne, koken mutum ɗaya gaggawa ne, ƙarancin ma'aikata kullum gaggawa ne. Abin da muka rubuta shi ne: mai neman izini daban, mai bayarwa daban. Takardar ta faɗi ƙwaron ko ciyawar da ake nufi, hanyoyin da aka gwada suka gaza, wurin, da ranar da izinin zai ƙare. A kafa allo awa 48 kafin feshi, a bar shi awa 48 bayansa. Idan barazana ce ga lafiyar jama'a, a yi aikin nan take, takardar ta biyo baya cikin kwana uku. Kowane izini kuma ya fito a rahoton shekara wanda kowa zai iya karantawa. Wannan na ƙarshen shi ne wasu suka fi ƙi, kuma shi ne na fi so a riƙe.

An mayar da daftarin ga kwamitin dokoki.

18 ga Nuwamba

Kwamitin dokoki ya yarda da raba mai nema da mai bayarwa, ya yarda da rahoton shekara, amma ya rage wa'adin allo zuwa awa 24. Mun karɓa. Batun wanda zai riƙe alƙalamin izini bai warware ba: sashen lambuna na so, sashen lafiya na so, mu kuma mun ba da shawarar jami'i guda mai horo wanda ba ya ƙarƙashin ko ɗaya daga cikinsu, abin da ke nufin sabon gurbi a kasafin baɗi.

An amince da sayen injinan yankan ciyawa. Ƙarin ma'aikata ba a ce e ba, ba a ce a'a ba. Likita ya samu a yi wa masu feshi gwajin jini kafin su koma aiki, don a sami abin kwatantawa nan gaba. Ganguna na nan a sito suna jiran kuɗi. An sa karatu na biyu a zaman farko na Disamba, kuma kafin ranar sai mun gama fom ɗin da 'yan kwangila za su riƙa cikewa, mu kai wa masu feshi su duba ko zai cikasu a bakin aiki.